Wa ya kashe Kudirat Abiola? Tambayar da 'yata ta yi mini na rasa amsa

Baban Ummi, Gwammaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na kai shekara biyu ina leƙowa zauren nan ina karanta na mutane, ban taɓa buɗe magana da kaina ba sai yau. A yi mini haƙuri idan ta yi tsawo, abin ya kwana uku yana cina a rai.

Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Yarinyar wajena ta fari tana aji uku a Jami'ar Bayero, shari'a take karanta. Daren Juma'ar nan muna tsakar gida bayan isha'i, babu wuta, ita tana haska takardunta da fitilar waya, ni ina jin rediyo, sai ta ɗago ta ce, "Baba, ka san shari'ar Manjo Al-Mustapha?" Na ce ke, ni da na je tarbarsa filin jirgi da azumi a bakina? Na kashe rediyon na ɗauko mata labari tun daga tushe, tun yana babban dogarin Janar Abacha, yadda aka kama shi a watan Oktoba na 1998, zamansa a Kirikiri, hukuncin rataya kan kisan Kudirat matar Abiola, har ranar da aka wanke shi. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "To Baba, tunda ba shi ba ne, wa ya kashe matar?"

Na rasa ta cewa. Fiye da shekara goma ina ba da labarin nan a majalisa da bakin shago, kuma kullum a filin jirgi yake ƙarewa. Ban taɓa wuce nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini, ina Legas ranar da aka yi kisan. Lokacin ina yaron shago, maigidana ya aike ni in haɗo kaya a kasuwar Balogun, na sauka wurin 'yan uwa a Agege. Talata ce, 4 ga Yuni 1996. Kafin azahar magana ta iso unguwar cewa 'yan bindiga sun tare motar matar Abiola a wajen Oregun sun buɗe mata wuta. Wanda ya san Legas ya san tsakanin Oregun da Agege ba wata tafiya ba ce. Nan da nan masu tireda suka fara rufewa, 'yan goro suka tattara faifansu, wani dattijo da muke kwana a zaurensa ya ce kada wanda ya fita da hula a kansa sai ƙura ta lafa. A daren nan da takalmi a ƙafata na kwanta, kuɗin maigida ɗaure a ƙuguna. Gaskiya zan faɗa: ban yi tunanin matar ba ko sau ɗaya. Kaina nake ji, da kuɗin mutane, da yadda zan ga na haye gadar Jebba lafiya.

Alhali ni ɗin nan ƙuri'ata ta farko a duniya mijinta na ba. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 Abiola na zaɓa, kamar yadda mafi yawan Kanawa suka yi, duk da abokin karawarsa Alhaji Bashir Tofa ɗan garin nan ne. Aka soke zaɓen, Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba, Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Yunin 1994 aka kama shi. Daga nan sai abin ya rikiɗe a idonmu, ya tashi daga zaɓen da muka yi ya koma rigimar Yarbawa da mutumin Kano. Ban san ranar da na sauya ba, na dai wayi gari na ga ina wancan ɓangaren.

Sauran duk kun sani. Ranar 8 ga Yuni 1998 Abacha ya rasu, aka kawo shi Kano aka binne a ranar. Wata ɗaya bayan nan, 7 ga Yuli, Abiola ya rasu a tsare, ana cikin ganawa da baƙi daga Amurka. Da aka kafa kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam, mukan taru da dare a teburin mai shayi a bakin layinmu mu kalli zaman a NTA, kuma duk ranar da aka ce Al-Mustapha ne zai yi magana, benci ba ya isa. Mutumin ya iya magana, ba ya rawar murya, yana ambaton rana da wata da sa'a kamar yana karantawa daga allo. A nan da yawanmu muka ƙaunace shi.

Hukuncin rataya ya zo ranar Litinin 30 ga Janairu 2012, kwana goma kacal bayan harin 20 ga wata da ya girgiza garin nan. Muna cikin zaman makoki, ga dokar hana fita, ga shingayen sojoji ko'ina, sai kuma aka ce an yanke wa Manjo kisa a Legas. Mun ɗauke shi a matsayin ƙarin gishiri a ciwo. Shi ya sa da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi ranar Juma'a 12 ga Yuli 2013, farkon azumi, na rufe shago na bi jama'a filin jirgin Malam Aminu Kano ranar da ya iso. Rana na dukanmu, maƙogwaro a bushe, babu wanda ya damu. Na ga Dokta Fasehun na ƙungiyar Yarbawa ta OPC tare da shi, na ce lallai duniya ta zo da sabon abu.

Ina so a fahimce ni. Ban ce shi ya yi ba. Kotu ta wanke shi, ni kuwa ban isa in ɗora wa wani jini ba. Amma an harbe mace da rana tsaka a kan titi, ba ciwo ne ya kashe ta ba, wani ne ya ɗana kunamar bindiga. Tambayata biyu ce. Ta farko ga masana shari'a: maganar nan ta mutu ke nan a wajen doka, ko akwai sauran ƙofa? Ta biyu ga kowa: mu da muka yi murna a 2013, ya kamata a ce a cikin murnar an samu ko mutum ɗaya ya tambayi wa ya kashe ta, ko kuwa wannan ba namu ba ne?

Barista, Gyaɗi-Gyaɗi

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta yi tambayar da ta dace da mai koyon aikinmu.

Abu na farko da za ka gaya mata, ko da yake na san an koya musu: kotu ba ta fita neman mai laifi. Wanda aka kawo gabanta da hujjar da aka kawo, su take aunawa. Idan ta ce ta sallami mutum, ma'anarsa masu gabatar da ƙara sun kasa tabbatar da tuhumar har ta kai inda babu sauran kokwanto. Wa ya aikata kuma, wannan aikin 'yan sanda ne tun kafin a zo kotu. A shari'ar nan a can aka yi ɓarin, kuma sau biyu aka yi shi.

Na farko a 1996. Gwamnatin da mutane da yawa ke zargi ita ce ke riƙe da binciken. Aka tsare wasu daga dangin Abiola da wasu dattawan NADECO, ƙungiyar masu adawa da mulkin soja, aka sake su, ba a gurfanar da kowa an kama shi da laifin ba. Na biyu bayan mulki ya sauya, aka sake buɗe fayil, amma aka gina shi kusan kacokan a kan bakin mutanen da ke hannun hukuma.

A 1999 aka gurfanar da mutum huɗu kan wannan kisa: Al-Mustapha, Mohammed Abacha ɗan Janar Abacha, Rabo Lawal wanda ya shugabanci 'yan sandan kwantar da tarzoma na fadar shugaban ƙasa, da Lateef Shofolahan wanda aka ce yana cikin masu yi wa marigayiyar hidima. Mohammed Abacha ya kai maganarsa har Kotun Ƙoli, a Yulin 2002 ta ce takardun da aka gabatar ba su nuna abin da zai sa a tuhume shi ba. Rabo Lawal kuma kotun Legas ta sallame shi a 2011. Saura biyu.

Shaidu huɗu masu ƙara suka kira. Akwai Dokta Ore Falomo, likitan Abiola. Akwai wani jami'in ɗan sanda da ya fara ba da shaida bai tsaya lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun gama yi masa tambayoyi ba. Amma ginshiƙan biyu ne: Sajan Barnabas Jabila da aka fi sani da Rogers, da Muhammad Abdul da ake kira Katako. Rogers ya ce shi ya yi harbin, kuma umarni aka ba shi. Katako ya ce shi ya tuƙa motar. Da a nan aka tsaya, da shari'a ta yi sauƙi. Sai da lauyoyin kariya suka tasa su da tambayoyi, duka biyun suka janye. Rogers ya ce alkawura aka yi masa aka kitsa masa abin da zai faɗa. Katako ya ce ranar 4 ga Yuni ma ba ya Legas, yana Azare ana ɗaura masa aure.

To ka ga inda alƙalai suka rabu. Mai shari'a Mojisola Dada ta Babbar Kotun Legas ta riƙe maganarsu ta farko, ta ga janyewar ba ta rushe ta ba, ta yanke rataya. Alƙalai uku na ɗaukaka ƙara, Amina Augie da Rita Pemu da Fatima Akinbami, suka ce shaidan da ya faɗi magana ya dawo ya ƙaryata kansa ba a rataye mutum da bakinsa, suka kuma nuna cewa ko harsashin da aka ce an ciro ba a kawo shi gaban kotu ba. Ka lura, duka huɗun mata ne, wadda ta ɗaure da waɗanda suka kwance, kan jinin mace. Ka gaya wa 'yarka wannan.

Ra'ayina, a kan abin da ke cikin fayil, hukuncin 2013 shi ne daidai. Da ni ne a kujerar, ba zan sa hannu a rataye mutum da irin wannan shaida ba. Amma kada a ce jinkirin shekara goma sha huɗu laifin gwamnati ne ita kaɗai. Gwamnati ta jera tuhume-tuhume daban-daban, har da ta yunƙurin juyin mulki a 2004, ɓangaren kariya kuma sun yi ta shigar da ƙorafi kan ƙorafi, ana hawa sama ana saukowa, alƙalai suna sauyawa. Kowace shekara da ta wuce, shaida na tsufa, takarda na ɓata, mai tuna abu na mantawa.

Game da ƙofa: Jihar Legas ta nemi zuwa Kotun Ƙoli, a Janairun 2017 aka ba ta izinin ɗaukaka ƙara, sai shekaru suka yi ta wucewa ba a saurari ƙarar ba, har kotun ta kore ta a Janairun 2026. Sashe na 36(9) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a sake gurfanar da wanda kotu ta riga ta wanke a kan laifi ɗaya, sai da umarnin kotu ta sama. Sai dai laifin kisa ba ya ruɓewa a dokarmu. Ko gobe aka samu sabuwar hujja a kan wani mutum daban, ana iya kai shi kotu. A takarda ƙofa a buɗe take. Wanda zai tura ta ne babu.

Ɗan Kurna

Baba Alhaji, da girmamawa, ni ban ga abin da zai hana ka barci a nan ba. Murnar da kuka yi halal ce. Mutum ya yi shekara goma sha huɗu da wata tara a tsare, ƙarshe aka ce ba a same shi da laifi ba. Wa zai biya shi waɗannan shekarun? Ya shiga da ƙuruciyarsa ya fito da furfura. Kuma ba wannan kaɗai ba, shari'ar harbin Alex Ibru mai jaridar Guardian ma an wanke shi a Disambar 2010, Janar Ishaya Bamaiyi an wanke shi tun 2008 bayan ya shafe sama da shekara takwas a kurkuku. Duk wanda aka kamo a lokacin nan, ɗaya bayan ɗaya kotu ta sake shi. Wannan bai isa ya nuna maka irin binciken da aka yi ba?

Kuma in dai tambayar wa ya kashe wa za a yi, mu fara daga gida mana. Ina aji biyar na sakandare aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallacin Ɗorayi, yana limancin sallar asuba, ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2007, ana gobe zaɓen gwamnoni. Yayana yana sahu na uku a masallacin, har yau idan aka tayar da maganar tashi yake ya bar wurin. Wa kotu ta ɗaure kan jinin Malam? Mahaifina kuma har ya rasu yana maganar Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, da aka kashe a gidansa ranar 10 ga Yuli 1981 a tarzomar da ta biyo bayan takardar tuhumar da aka aika wa Sarki. An kafa kwamiti, an rubuta rahoto, shi ke nan.

Ita Kudirat an sa wa babban titi sunanta a Legas, an sa wa wata kusurwa sunanta a birnin New York, jaridun Kudu ba su taɓa barin ranar ta wuce shiru ba. Tana da masu yi mata kuka. Namu fa? Sai na gida ya ƙoshi ake miƙa wa na waje.

Maman Khalifa, Tarauni

Ɗana na Kurna, na ji zafin da ke cikin maganarka, kuma Allah ya jiƙan Malam Ja'afar, ni ma kaset ɗin tafsirinsa har yanzu suna cikin durowata. Amma kalmar nan ta "na waje" ka janye ta.

A Zariya aka haifi matar nan, a 1951. Ni ma a Sabon Garin Zariya na tashi, tare da 'ya'yan Yarbawa muka yi makarantar allo, tare muka yi tashe, wasunsu sun fi ni iya Hausa. Musulma ce, ta yi salla ta yi azumi ta je Makka. Ko da ma ba Musulma ba ce, rai rai ne. Shekararta 44, 'ya'yanta bakwai. Mijinta yana tsare, bai ga gawarta ba, bai tsaya a kan kabarinta ba, bai zauna karɓar gaisuwa ba. 'Yarta Hafsat tana Amurka saura kwanaki a yi bikin gama karatunta a Harvard, tana jiran uwarta ta zo, sai waya ta zo a maimakonta. Bayan shekara biyu uban ma ya tafi. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a firamare, na san idon yaron da aka ce masa uwarsa ba za ta dawo ba. Sunan titi ba ya share wannan.

Kuma mene ne laifinta? Mijinta aka kulle, ta ƙi zama a ɗaki ta yi shiru. Ta yi magana da 'yan jarida, ta goyi bayan yajin aikin ma'aikatan mai na 1994, ta yi ta zirga-zirga kotu. Da a garin nan wata ta yi wa mijinta haka, da waƙa za a yi mata.

Abin da nake so ka gane, hannun da ya kasa gano wanda ya kashe Kudirat, shi ne ya kasa gano wanda ya kashe Malam. Mai bindiga yana kallo. Ya ga an kashe matar mutumin da ya fi kowa suna a ƙasar nan an kwana lafiya, me zai ji tsoro a Ɗorayi? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Da mun yi ihu a 1996 tare da su, da sun yi ihu a 2007 tare da mu, wataƙila da hukuma ta ji kunya ko sau ɗaya.

Alhaji Baban Ummi, ni ban je filin jirgi ba, amma maigidana ya je, ya dawo muryarsa a dishe, na dafa masa kunun buɗa baki ina taya shi murna. Ni ma ban tambaya ba. Ba kai kaɗai ba ne.

Almajirin Madabo

Salamu alaikum. Ni ba lauya ba ne, ɗan abin da muka karanta a zaure zan kawo, don na ga kamar ana ɗaukar tambayoyin Alhaji biyu a matsayin kishiyoyi, alhali a fiƙihu tare suke tafiya.

A Risala, babin hukuncin jini, an ce ba a kashe rai saboda rai sai da ɗayan uku: shaidu adilai, ko iƙirarin wanda ya yi, ko ƙasama, wato rantsuwa hamsin, idan sharuɗɗanta sun cika. Mutumin da ya ce da bakinsa shi ya yi harbi ba adili ba ne da za a karɓi shaidarsa a kan wani, balle ya zo ya janye kafin hukunci. Don haka ko a gaban alƙalin Musulunci aka kai irin shaidar da Barista ya bayyana, ba za a zartar da ƙisasi da ita ba. Ta wannan fuskar wanda ya yi farin ciki da an kuɓutar da wuyan da ba a tabbatar wa laifi ba, bai yi saɓo ba.

Amma a duba abin da ya faru a Khaibara. An tsinci Abdullahi ɗan Sahlu a kashe, ba a ga wanda ya kashe shi ba. 'Yan uwansa suka zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna zargin mutanen wurin. Ya ce za ku yi rantsuwa hamsin? Suka ce yaya za mu rantse a kan abin da ba mu gani ba? Ya ce to su waɗanda kuke zargi su rantse hamsin su kuɓuta. Suka ce ba su yarda da rantsuwarsu ba. Bai kashe kowa a kan zato ba. Kuma bai ce a tashi shi ke nan ba. Ya biya diyya raƙuma ɗari daga wajensa, don ya ƙi jinin ya tafi a banza. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Daga nan malamai da dama suka fahimci cewa idan aka rasa wanda ya yi kisa, nauyin yana komawa kan shugaba da baitulmali. Mu a ƙasar nan rabin farko muke riƙewa idan wanda ake zargi namu ne, rabi na biyu kuma idan mamacin namu ne. A 2018 gwamnati ta mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, ta ba Abiola lambar girma mafi girma. An kyauta. Amma lambar girma daban, haƙƙin jini daban. Rahoton Oputa da aka miƙa a 2002 ma gwamnati ba ta taɓa fitar da shi da hannunta ba, ƙungiyoyi ne suka watsa shi daga baya. Allah ne mafi sani.

Ɗan Kurna

Mama, na janye, ki yafe ni. Zafin na Malam ne ya ɗebe ni. Amma ina nan a kan cewa an zalunci Manjo da tsawon tsarewar nan, wannan ba zan janye ba.

Barista, Gyaɗi-Gyaɗi

Ba sai ka janye ba, ƙanena, ni ma na yarda da kai a nan. Tsarin Mulki ya ce a yi wa mutum shari'a cikin lokacin da ya dace, kuma babu ma'aunin da za a auna shekara goma sha huɗu a ce ta dace. Jinkirin nan ya cuci wanda ake tuhuma, ya cuci 'ya'yan marigayiyar. Wanda ya amfana da shi kawai shi ne duk wanda ya san abin da ya faru a Oregun ya yi shiru.

Baban Ummi, Gwammaja

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Barista, na ba ta wayar ta karanta bayaninka da kanta, ta kwafe sunayen alƙalan nan huɗu a bayan littafinta, ta ce za ta nemo hukuncin 2013 a laburaren sashensu ta karanta shi gaba ɗaya. Malam, labarin Khaibara na sha jinsa a wurin karatu, ban taɓa haɗa shi da wannan ba sai yau. Hajiya, maganarki ta kunun buɗa baki ta sa na yi shiru na daɗe.

Akwai abin da yarinyar ta lura da shi wanda ni da ku duka muka tsallake. Ta ce, "Baba, ita kaɗai ce a motar?" Ba ita kaɗai ba ce. Direbanta ma an harbe shi, kuma ya rasu. Mun yi rubutu mai tsawo a nan, mun ambaci janar-janar da alƙalai da malamai, babu wanda ya tuna da shi, har ni da na buɗe maganar.

Wannan ya taɓa ni ta inda ban zata ba, don mahaifina direba ne. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa wani attajiri a Fagge. Kullum bayan asuba zai goge mota, ya karɓi makulli, ba ya tambayar ina za a je ko wa maigida ya ɓata wa rai. Da wani ya tare su a hanya saboda maigidan, da haka za a ce "da direbansa" a wuce, mu kuma a bar mu da tsohuwa a ɗakin haya a Rijiyar Lemo. Mutumin nan na Oregun shi ma da safe ya fito aiki, wataƙila ya bar kuɗin cefane a kan tabarma.

Yau da asuba a masallacin layinmu, bayan an shafa, na roƙi liman ya ƙara fatiha ɗaya ga wasu mutum biyu da aka kashe a Legas shekarun baya. Ya tambaye ni 'yan uwana ne? Na ce a'a, mace ce da direbanta. Ya ɗaga hannu, muka ɗaga.